Man da Sani Ya Zuba

Sani ɗan Baba Kalla ne ya zuba baƙin mai cikin injin niƙan da na ce kada a zuba ma mai. Injin ya fashe ya kashe Arzika mai niƙa. Washegari Sani ya tsaya gaban jandarma da farar riga ya ce aikina ne ya kashe mutum. Shekara biyar ina ɗauke da maganar ga, kuma daga Madawa har Buza har Keita da ita anka san ni. Na ba shi wata guda ya gyara, watan ya wuce, shi ya sa na ɗauki biro. Lakwal ɗina bai wuce aji huɗu ba, mai neman daɗin rubutu ya nemi wani.

Ku nake wa magana, samarin bakin tasha masu kile uku na kwance noti cikin aljihu da kuke kiran kanku makanisiyan. A wurinku aiki shi ne a buge tsohon rulman, zoben ƙwallayen nan da sandan inji ke juyawa ciki, da guduma a buga sabo. Na ji ɗayanku da kunnena yana cewa aikin Shaibu ai gwangwani ne yake naɗewa a ƙarfe, ko mace ta iya. To ku zauna ku ji yadda ake naɗe gwangwanin.

Da gemuna na shiga sana'ar ga. Farin farko, wanda ya riga na tamanin da huɗu, shi ya kore ni daga ƙauyenmu na wajen Azarori, ina kusa da shekara talatin, da mata da ɗiya biyu. Gidanmu maƙera ne, na san wuta na san ƙarfe, amma ban taɓa buɗe cikin inji ba. Baba Kalla mai garaji a Madawa ya dubi hannuwana ya ce in zauna. Aikina na farko wankin rulman cikin man gazuwal, kuma shi na yi shekara guda cur. A zuba a tasa, a kaɗa, a tsame, a juya kusa da kunne. Mai lafiya ba ya magana. Wanda yashi ya ci yana ƙaras-ƙaras kamar ana tauna tsakuwa cikin tuwo. Ɗan Baba Kalla, Sani, na girme shi da shekara goma amma shi ne gaba da ni a garaji, kuma gwangwanin mai a hannunshi yake. Aparanti mai gemu yake ce mini, wato ɗan koyo. Ban taɓa tanka mishi ba, ubanshi ne ke ciyar da gidana.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci Baba Kalla ya kira mu mu biyu, ni da Sani, ya fiddo gwangwanin madara daga ƙarƙashin gadonshi. Yana saurayi ya yi aiki filin jirgin sama na Yamai, yana shara yana miƙa ma Turawa kile. Abin da ke cikin gwangwanin guntun injin sanyaya cikin jirgi ne da anka jefar, shi kuwa ya tsince. Ɗan sandan ƙarfe ne kamar yatsa, da 'yar fanka a kai, yana zaune cikin gidanshi. Na leƙa ban ga ƙwallaye ba, ban ga mai ba. Sai wasu ganyayyakin ƙarfe sirara da sunka kewaye sandan, ɗaya bisa ɗaya kamar ɓawon albasa. Baba Kalla ya ɗauko tiyon hura taya ya saita ma fankar. Abin ya yi ƙara, ƙarar ta yi sama, sannan ta ɗauke ɗif. Ya kama yatsana ya ɗora bisa gidan. Sanyi, ba rawa, kuma sandan na gudun da ido ba ya gani.

Ya yi mana bayani da hannu. In sanda na juyawa da sauri yana jan iska ya cusa ta ƙarƙashin kanshi, tsakaninshi da ganyen, har ta ɗaga shi. Tashin bai kai kaurin gashi ba, amma ya isa, don ƙarfe ya bar taɓa ƙarfe. Ganyen sama sumul yake. Na ƙasa kuwa lanƙwashe yake tudu da kwari kamar tol, kwanon rufi, shi ke lotsawa ya ba iskar wuri, shi ke turowa in sanda ya karkata. Na tambaye shi ko a sa ma injin niƙa. Ya yi dariya ya ce ko masu jirgin ba su ɗora mata kaya, iska ba jaki ba ce. Sani ya ce shi abin da ba ya shan mai bai yarda da shi ba, ya tashi ya tafi kallon kokowa. Ku riƙe wannan: ya gani da idonshi, kuma ya ji bayanin.

Abin ya tsaya mini a rai saboda masu injin niƙa. Kowane wata biyu ko uku sai ka ga mutum ya sauko daga kamiyo, babbar motar kaya, da mataccen rulman ƙunshe a hankici kamar ya ɗauko goron biki, yana cewa a ɗan lallaɓa mishi shi. Ba abin lallaɓawa. Ƙasarmu ta Adar yashi ce da garin dutse, ɗakin niƙa kuma dusa ce ke tashi wuni. Giris ya kama yashi, ya kama dusa, ya zama abin wasa wuƙa, shi ke cinye ƙwallayen. Mai injin ya ji ƙara sai ya ƙara mai, ya ƙara ma yashin wurin zama. Kuma ba ka iya hana shi. Mutanenmu duk abin da ke juyawa sai sun shayar da shi da safe: ƙafar amalanke, kwarkwaron rijiya, keke, har ƙyauren ƙofa. A yi bisimilla a ɗiga. Mai injin da bai ɗiga mai da safe ba kallon wanda ya bar jakinshi da ƙishirwa ake mishi.

Fankar maƙeran Buza ita ce ta farko da na zaunar bisa iska. Sun gaji da zuga-zugi, suna son abin hura wuta. Ganyen na yanko shi daga tsohon metir ɗin magina, irin mai naɗewa, don ƙarfenshi na lanƙwasa ya dawo. Tudu da kwarin kuwa na matsa su tsakanin wasu ƙarafa biyu masu haƙora da na ciro daga keken ɗinki. Sandan na goge shi da toka da fata kwana uku har ina ganin haƙorana ciki. Sai na fasa batirin tocila na ciro baƙin sandan tsakiya na goga ma ganyen, don kafin iska ta ɗaga, da lokacin tsayawa, ƙarfe na gugar ƙarfe, baƙin nan shi ke hana su cizon juna. Na ƙona ganye ya fi a ƙirga kafin ɗaya ya tashi. In ya matse ya yi zafi ya yi shuɗi. In ya saki sanda ya yi ta rawa kamar ɗan maraƙin da anka haifa yanzu. Tsakanin matsewa da saki bai kai kaurin takardar sigari ba, kuma ba ni da ma'aunin da ke ganin wannan, sai yatsa da kunne. Ranar da ya tashi Baba Kalla ya ɗora hannu bisa gidan, sannan ya ce in je in ci abinci.

Fankar maƙera ba ta fi faifai nauyi ba. Abin da ya ci mini shekara shida shi ne yadda iska za ta ɗauki kaya. Na gane da kaina, da ɓarna, cewa in kana son ta ɗauki nauyi sai ka faɗaɗa wuyan sanda inda yake zaune, don faffaɗan wuya ya fi jan iska ko da gudun bai ƙaru ba. Na gane iskar na tserewa ta baki biyu, saboda haka tudun tsakiya ya zama mai tauri, na gefe ya zama mai laushi, ganyen ya ɗan rungume ta. Daga baya na bar yin ganyen ƙasa falle guda, na tsaga shi uku, don in sanda ya sunkuya kowane tsagi ya bi shi da kanshi. Wannan kaɗai ya ci mini damina biyu. Ba littafin da na duba, ba ni da shi, in ma akwai da Faransancin da ya fi ƙarfina anka rubuta shi.

A Sabon Gida na sa ma wani Alhaji ganyena a fankar da ke zuƙo gari daga injin niƙanshi. Damina uku ba a taɓa ta ba. Kukan Alhajin guda ne, wai da safe yana tsayawa da gwangwanin mai a hannu kamar wanda ya zo gaisuwa bai tarar da masu gida ba. Na zagaya gidan da jan fenti, na rubuta ba mai da boko, na sa malamin unguwa ya rubuta da ajami. Tun daga nan kowane aikina haka nake mishi.

Lokacin nan Sani ya daɗe da barin garaji. Ya fi ni lakwal, ya samu aikin jeran, wato mai kula da koperatib, a wani gari cikin kwarin bayan Ibohaman. Ba zan faɗi sunan garin ba, mutanenshi ba su yi mini komi ba sai abin da anka gaya musu. Ya koma sa fararen kaya, in ya zo gaida tsoho daga bakin ƙofa yake tsayawa kada rigar ta taɓa wani abu.

Sai farin tamanin da huɗu ya zo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Iyakar Najeriya a rufe, kuma ta can rulman ke zo mana, ta Ƙonni. Wanda ke da guda ya ɓoye shi kamar layar gado. Hatsin taimako ya zo, jar dawa mai taurin tsakuwa da masarar da turminmu bai saba da ita ba. Mazan kwarin sun watse kudu neman abinci. Mata ne sunka rage, su ke wuni bisa tudu suna ɗaukar duwatsu ana jera su don tare ruwa, da marece a auna musu dawar. Macen da ta wuni da dutse a ka, cikinta ba komi, ba ta iya ɗaga taɓarya. Injin koperatib shi kaɗai ne mai niƙa a garuruwan wajen, kuma rulman ɗinshi biyu sun mutu.

Sani ya zo bisa moto ya same ni. Ranar bai ce aparanti mai gemu ba, yaya Shaibu ya ce. Yana son in zaunar da babban sandan injin, mai ɗauke da gudumomin da ke fasa hatsi, bisa ganyena. Na ce mishi wannan ba fanka ba ce, nauyinshi ya kai rabin buhun gero. Baba Kalla lokacin idonshi ya tafi, yana zaune bisa tabarma yana jin mu. Ya ce kada in yi. Na bi Sani don in gani kawai. Na tarar da ƙorai jere ƙofar ɗakin niƙa, kowace da dutse a kai, masu su na can bisa tudu. Wata tsohuwa na jiƙa dawar tana ba jikokinta suna tauna ɗanya. Na ce zan yi. Kuma ba zan yi muku ƙarya ba, ba tausayi kaɗai ba ne. Ina son in ga ko za ta ɗauka.

Aikin ya ci kwana arba'in. Na ciro hannun riga biyu na ƙarfe, waɗanda piston ke hawa da sauka ciki, daga wata matacciyar kamiyo, na sa su sunka zama wuyan sandan, kowane ya kai cinyar mutum. Metir ya yi kaɗan ga wannan faɗin. Baba Kalla, shi da ya ce kada in yi, ya laluba ƙarƙashin gado ya miƙo mini naɗin siririn ƙarfen da ya ajiye tun Yamai, ya ce shi ke nan ba saura. Ganyen ƙasa na yi shi hawa biyu, mai laushi bisa mai tauri, don in kaya ya danne na farko na biyu ya karɓa. Gudumomin na auna su ɗaya da ɗaya a sikelin mai sayar da irin albasa, ina gogewa har sunka zo daidai, don in ɗaya ta fi 'yar'uwarta ko da ƙwayar wake ce sandan zai yi tsalle. Igiyar inji tana jan sandan gefe guda, iska ba ta son haka, sai na fitar da ita bayan bango bisa wani guntun sanda da rulman guda mai rai da na roƙo, na haɗa sandunan biyu da yankin robar taya. Na ƙarshe, na sassaƙa matashi da itacen bagaruwa mai mariƙi, wanda ke tallafe sandan har gudu ya kai, sannan a sauke shi a hankali.

Wurin saukewar nan injin na kuka. Ƙara ce siririya kamar ta shirwa, tana kai tsawon Fatiha guda, lokacin ƙarfe na neman rabuwa da ƙarfe. Daga nan sai ta ɗauke. In ta ɗauke ya tashi, a zuba hatsi. Ranar farko da ta ɗauke na ɗora kofin ruwa bisa gidan, ruwan bai motsa ba.

Arzika shi ne mai niƙan, ɗan garin, ƙato mai sanyin magana, da mata da ɗiya uku da tsohuwar uwarshi Inna Tamo. Bai tafi kudu ba saboda ita. Kwana bakwai ina koya mishi: ka tayar, ka jira, ka sauke itace, ka saurari kukan, kada ka zuba ko ƙwaya sai ya yi shiru. Ya ce to, Maƙeri, don haka yake kirana. Na ce mai fa? Ya ce ya ji, wannan injin ɗan azumi ne, ba sahur ba buɗa-baki. Ya ɗauki gwangwanin man ya rataye shi can bisa azarar ɗaki inda sai an taka buhu ake kai hannu. Na nuna ma Sani jan fentin da rubutun, gaban Arzika. Ya ce ai ya sani tun garaji.

Injin ya yi niƙa tun sanyi har bazara ta wuce, ba fashi. Nakan zo ran kasuwa in duba ganyen in ƙara goga baƙin batir. Mata sun sa mishi suna Mai Haƙuri. Inna Tamo ta taɓa aiko mini da fura cikin shekarar da fura ta fi nama wuya.

Sai anka ce kumandan mai mulkin yankin zai zo da baƙi Turawa su ga injin. Sani ya sa anka shafe ɗakin da farar ƙasa, anka share fili, anka ce mata su sa zanen salla. Ya aiko in zo. Kamiyon da na shiga ta lalace a hanya, ban iso ba sai azahar. Tun daga nesa na ga mutane tsaye cirko-cirko, kuma ban ji inji ba. Motocin baƙin ma ba su zo ba, an ce sun juya tun hanya da sunka ji labari.

Na tarar da Arzika kwance bisa tabarma ƙarƙashin itacen bedi, an rufa mishi zane a ciki, zanen ya jiƙe. Guduma guda ta ɓalle ta huda murfin injin ta same shi ƙasan haƙarƙari. Ana jiran motar da za ta kai shi Keita. Na durƙusa. Ya gane ni. Muryarshi sai na kai kunne.

"Maƙeri, bai yi kuka ba. Na sauke itacen, ban ji kukan ba. Nic ce ko ya saba ne."

Bai ƙara wata magana da ni ba. Kafin la'asar ya cika, motar ba ta zo ba.

Na shiga ɗakin niƙa ni kaɗai, don kowa na tsoron shiga. Na ɗaga kai, gwangwanin ba ya bisa azara, ga buhu an jawo ƙarƙashin wurin. Na kwance gidan na zaro ganyen. Ya yage, ya naɗe, kuma shafe yake da wani baƙin ƙullu mai wari, mai da gari sun dafu tare. Ba sai an gaya mini ba. Da safe an gwada injin, wani ya ji kukan ya ce wannan abin kunya ne gaban baƙi, ya jira Arzika ya fita, ya ɗiga. Mai na kashe kukan, gaskiya ne. Amma wurin da anka yi don iska, in mai ya shiga, kamar ka ce mutum ya yi gudu cikin taɓo ne. Ya yi zafi, ya kama gari, ya fizge ganyen, sandan ya yi tsalle da gudumominshi. Na naɗe guntun ganyen a tsumma na sa aljihu. Da na fito na ga Sani tsaye yana ba mutane haƙuri. A bakin hannun rigarshi na dama akwai ɗigo biyu baƙaƙe. Ya ga inda nake kallo, ya naɗe hannun.

Washegari a jandarmari ta Keita ya zo da wata rigar. Ya ce shi tun farko bai natsu da aikin ba, ni na matsa, kuma kowa ya san ba a taɓa ganin injin da ke juyawa ba mai ba. Na ce ina da abin nunawa, amma sai babbansu ya dawo daga Tawa. Anka rufe ni. Kwana biyu bayan haka sai ga Baba Kalla, wani direban kamiyo na riƙe da sandarshi. Anka bar mu a baranda. Bai gaishe ni ba, ya miƙo hannu ya ce in ba shi. Ya san ba zan bar wurin ba ban ɗauko komi ba, shi ya koya mini. Ya warware tsumman, ya shafa da yatsa, ya kai hanci. Sannan ya naɗe ya mayar mini.

"Sani shi ɗai gare ni, Shaibu. Ka bari sai na kwanta."

Wannan shi ne mutumin da ya ɗauke ni da gemu ya ciyar da ɗiyana cikin fari. Da babban jandarman ya dawo ya ce mi zan nuna, na ce ba komi.

Wata huɗu na yi a kaso a Tawa. Da na fito na tarar Alhajin Sabon Gida ya sa an cire ganyena an jefa rijiyar da ta mutu. Maƙeran Buza, 'yan'uwana, sun koma zuga-zugi. Magana ta bazu cewa kakana azne ne, wai da abin gidanmu nake ɗaga ƙarfe, abin ne ya nemi jini. Kakana azne ne, ban musa ba, amma bai taɓa ganin inji ba har ya mutu, ni kuwa sahun gaba nake salla. Ba wanda ya sake kawo mini ko injin markaɗe. Na koma liƙin taya da butoci a bakin tasha, inda kuke ganina. Matar Arzika ta kwashe ɗiyan ta bi danginta kudu. Inna Tamo na nan. Sau ɗaya munka haɗu a kasuwar Ibohaman, ta dube ni, ta tofar da yawu gefen ƙafata, ta wuce. Ban ga laifinta ba.

Nawa laifin na san shi, kuma ku shi ya kamata ku ɗauka. Na bar ƙofa a gefen gidan don iska ta shiga, kuma bakin gwangwanin mai na shiga ƙofar daidai. Na san mutanenmu, na san hannunsu na ƙaiƙayi in sun ga abu na juyawa, sannan na dogara da fenti da rubutu. Da na lanƙwasa ma ƙofar tiyo ta dubi ƙasa, aikin rabin wuni, da Arzika na nan yana niƙa. Kwana arba'in ina tunanin nauyin sanda, ban yi tunanin mai gwangwani ba.

Baba Kalla ya rasu bana bayan girbi. Duk shekarun nan ni ke kai mishi goro ran Juma'a, kuma ko sau ɗaya ba mu tada maganar ba. Ina cikin waɗanda sunka ɗauki makara. Ya bar wasiyya a ba ni gwangwanin madarar nan. Ranar addu'ar bakwai da hantsi, da mutane sunka ragu, na tarar da Sani zaune bisa darduma a zauren tsoho. Yanzu Alhaji ne, kamiyonshi biyu na kai albasa kurmi. Ya matsa mini wuri. Ya ce yaya Shaibu, tsoho ya tafi, mu ne munka rage, abin da ya wuce a yafi juna. Ya ce garajin ga shi nan a rufe, in buɗe shi in ci gaba, shi zai sa kayan aiki.

Ban zauna ba. Na kamo hannunshi na dama na buɗe tafin, na warware tsumman na ɗora mishi ganyen. Shekara biyar, har yau yana baƙanta hannu. Ya so ya janye, na riƙe.

Na ce: "Ubanka ya shinshina wanga a barandar jandarma, ya san ko man wa ne. Makaho ne amma ya gane ka. Ya roƙe ni in yi shiru sai ya kwanta, ya kwanta, na cika mishi. Garajinka ba ni so. Kason da na yi na bar maka, sunana ma na bar maka, ba ya gyaruwa. Amma Arzika ya mutu shina zaton shi ne bai iya saurare ba, uwarshi kuma na tsine ma wanda bai kashe mata ɗa ba. Tana nan da ranta, ka san ƙofar gidanta. Ka tafi da ƙafarka ka durƙusa ka gaya mata wa ya taka buhu ya sauko da gwangwanin. Wata guda na ba ka. In ya wuce ba ka je ba, zan rubuta shi da sunanka da na ubanka, in ba yaran tasha su karanta ma wanda bai iya ba. Riƙe ganyen, naka ne. Akwai rabinshi wurina."